Age of Empires II: tambayoyi da amsoshi kan gem ɗin da ya ƙi tsufa

Waɗannan su ne tambayoyin da aka fi yi min duk sanda aka ga ina buga wannan gem ɗin ko ina kallon gasarsa a YouTube. Wasu masu tambayar 'yan gem ne na gaske, wasu kuma sun taɓa buga shi suna yara sun ɗauka ya daɗe da mutuwa. Wasu amsoshin gajeru ne, wasu kuma sai an yi haƙuri da ni don maganar tana da yawa.

Wai wane gem ne wannan, su wa suka yi shi?

Gem ne na yaƙi da dabara a kwamfuta, irin wanda ba a jiran juna, ba wai ka taka sannan abokin karawarka ya taka ba, a'a kowa yana nasa aikin lokaci ɗaya agogo na tafiya. Kamfanin Ensemble Studios da ke Dallas a jihar Texas ta Amurka ne ya ƙera shi, Microsoft ya fitar da shi a 1999 da sunan The Age of Kings. Shi ne na biyu a jerin, na farkon ya fito tun 1997. Ya zo da al'ummomi 13, a cikinsu akwai Faransawa, Turkawa, Farisawa, Sinawa, Mongol, Rumawan Bizantiya da Larabawa waɗanda gem ɗin yake kira Saracens. A 2000 aka yi masa ƙari mai suna The Conquerors aka saka wasu 5, har da Aztek da Maya da Sifaniyawa. Mutum takwas za su iya shiga wasa ɗaya.

Ya ake buga shi?

Ana ajiye ka a taswira duk ko'ina duhu, kana da cibiyar gari ɗaya, talakawa uku da mahayin doki ɗaya na leƙen asiri, jarinka kenan. Abu huɗu ake tarawa, abinci, itace, zinariya da dutse. Da abinci 50 kake fitar da talaka ɗaya kuma daƙiƙa 25 yake ɗauka kafin ya fito, gida kuma itace 25 ne yana ɗaukar mutum biyar, in ka manta ba ka gina gida ba sai cibiyar garin ta tsaya cak ba ta fitar da kowa, abokin karawarka kuwa yana can yana ƙaruwa.

Zamani huɗu ake hawa. Kana farawa a Dark Age, ka tara abinci 500 ka hau Feudal, daga nan abinci 800 da zinariya 200 ka shiga Castle, sai Imperial na ƙarshe abinci 1000 da zinariya 800. Kowane hawa yana buɗe maka sababbin sojoji da gine-gine. Nasara yawanci ita ce ka rushe abokin gaba ko ya ga ba mafita ya miƙa wuya da kansa.

Bari in nuna maka mintunan farko don a nan ake gane ɗanɗanon abin. Ka sa mutum shida a kan tumaki, huɗu a daji suna saran itace, mahayin dokinka yana zagaye yana neman sauran tumakin da suka ɓuya a duhu. Sai ka ɗauki talaka ɗaya ka tura shi wajen aladen daji, dabba ce mai abinci 340 amma tana kisa. Ya harbe ta da kibiya, ta fusata ta biyo shi a guje, kai kuma ka juyo da shi yana gudu tana binsa tana kai masa sara jininsa na raguwa a idonka, yana isowa ƙarƙashin cibiyar gari sai ka cusa shi ciki sauran su taso mata da kibau ta faɗi daidai inda ake ajiye abinci. In ka makara da daƙiƙa biyu, ko ka juya kallo wajen gina gida, talakan ya mutu, kuma wallahi za ka ji zafin mutuwar nan har ranka don ka san an bar ka a baya tun wasa bai yi minti biyar ba.

Me ya sa har yanzu ake buga gem na 1999 bayan ga sababbi masu kyan hoto?

Wannan ita ce babbar tambayar, kuma ni a ganina amsar ba kewar yarinta ba ce kamar yanda wasu suke cewa. Kewa tana iya dawo da mutum ya buga sau biyu ko uku, amma ba za ta zaunar da shi shekara da shekaru ba, balle yaran da ba a ma haife su a 1999 ba kuma ga su nan cike a gem ɗin.

Abin da ke riƙe mutane shi ne ba ka taɓa hutawa da yanke shawara. Duk itace 60 da ya shigo hannunka tambaya ce, gona zan yi ko in tara in gina barikin 'yan baka. Duk abinci 50 tambaya ce, talaka ko soja. In ka zuba komai a tattalin arziki ka bar gari ba tsaro, mahaya huɗu kacal za su shigo su karkashe maka masu saran itace. In kuma ka zuba komai a sojoji ka kai hari bai ci ba, ka tashi a tutar babu, shi ya hau zamani na gaba ya dawo maka da barade. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, amma kuma in ka tsaya cika ciki kawai za a zo a same ka a gida. Tsakanin waɗannan biyun ne duk wasan yake, kuma ba wanda ya taɓa gama warware shi.

Sai kuma taswirar, ba a taɓa maimaita ta. Ko taswirar Arabia da aka fi bugawa a gasa, duk shiga sabuwa ake zana maka, yau zinariyarka tana bayan gari a ɓoye, gobe tana gaba a fili kan tudu inda abokin gaba zai iya kafa maka hasumiya a kai. Don haka haddace tsari ba ya wadatarwa, dole ka duba abin da aka ba ka ka san yanda za ka yi da shi. Kamar dara ne, dokokin kaɗan ne yaro ma zai koya a yini ɗaya, amma tsofaffi suna bugawa har furfura ba su gaji ba.

Ga kuma tsarin kowa da maganinsa. Masu mashi suna cin dawakai, dawakai suna cin 'yan baka in sun cim musu, 'yan baka suna cin sojan ƙasa, masu jifa da gajeren mashi suna cin 'yan baka, raƙuma kuma dawakai ba sa son ganinsu. Ba rundunar da za ka tara ka ce shikenan na gama. Kuma ko wannan ɗin ma hannu yana canza shi, don ƙwararre zai ɗauki 'yan baka ashirin ya dinga harbi yana ja da baya, harbi yana ja da baya, manjanik ya wurgo musu duwatsu ya raba su gida biyu cikin ƙiftawar ido dutsen ya faɗi a tsakiya bai taɓa ko ɗaya ba.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne gem ɗin yana da sauƙin ganewa da ido. Mutum kan doki da takobi, kowa ya san mene ne. Ganuwa ganuwa ce, gona gona ce. Ko wanda bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba in ya zauna kusa da kai minti goma zai fara cewa kai ga su can sun shigo ta bayan gari.

Na ji an ce kamfanin da ya yi shi ya rufe, to wa yake kula da shi?

Gaskiya ne, Microsoft ya rufe Ensemble Studios a 2009. Tun kafin nan ma a 2006 an rufe wajen haɗuwar 'yan wasa na MSN Gaming Zone inda mutane suke samun abokan karawa ta intanet. Da a ce wani gem ne da labarinsa ya ƙare a nan.

Amma 'yan wasan suka ƙi. Suka koma wasu manhajoji irin su GameRanger da Voobly suna haɗuwa, wasu masu ilimin kwamfuta suka rubuta gyara mai suna UserPatch don gem ɗin ya yi aiki a sababbin kwamfutoci da manyan allo, ba wanda ya biya su. Wasu kuma suka haɗu suka ƙirƙiro sababbin al'ummomi da kansu suka sake shi kyauta a ƙarshen 2012 da sunan Forgotten Empires. A 2013 Microsoft ya sake fitar da gem ɗin a Steam, kasuwar gem ta intanet, da sunan HD Edition, ya ga irin karɓuwar da ya samu, sai ya jawo waɗancan masoyan aka mayar da aikinsu ƙari na hukuma mai suna The Forgotten. Ƙungiyar tasu ta zama kamfani, kuma su ne suka ja ragamar sabon fitowar gem ɗin mai suna Definitive Edition da ya fito a Nuwamban 2019, shekara 20 bayan na asali.

Ni wannan ne ya fi burge ni a duk tarihin gem ɗin. Waɗanda suke gyara shi yau mutane ne da suka so shi lokacin da ba riba a sonsa, shi ya sa ba su lalata shi ba, sun gyara hoto da sauti sun sauƙaƙa wasu abubuwa kamar sabunta gona da kanta, amma ƙashin bayan wasan yana nan yanda yake.

Wanne zan nema a cikinsu?

Definitive Edition. A nan mutane suke, a nan ake gasa, shi ake wa sabuntawa. Ya fito da al'ummomi 35, yanzu da ƙare-ƙaren da aka dinga yi sun haura 40.

Akwai 'yan Afirka a ciki? Hausawa fa?

Akwai. A 2015 aka yi ƙari mai suna The African Kingdoms, ya kawo Mali, Habasha, Barbar na arewacin Afirka da kuma Fotugal. In ka ɗauki Mali babban gininsu na alfahari shi ne Masallacin Jenne, gine-ginensu suna cin itace ƙasa da na sauran, kuma sojansu na musamman mace ce mai jifa da wuƙa, Gbeto, tana da gudu da ɓarna amma ba ta jure duka. Barbar suna da 'yan baka a kan raƙuma, Habashawa kuma suna da masu lanƙwasasshen takobi da ake kira Shotel.

Hausawa ba sa cikin na biyun, amma suna cikin Age of Empires III. A 2021 aka saka su tare da Habasha a ƙarin The African Royals, babban birninsu Kano, jagorarsu Sarauniya Amina, akwai barden lifidi, akwai Maigadi, akwai maharban Fulani, kuma shanu suna da babban matsayi a tattalin arzikinsu. Na uku gem ne daban da nasa salon na zamanin bindiga, ni na fi son na biyu nesa ba kusa ba, amma duk Bahaushen da ke buga gem ya kamata ko sau ɗaya ya ji sojoji suna amsa masa umarni da Hausa, abin yana da daɗi.

Za a iya koyon tarihi da shi?

Za a iya fara son tarihi da shi, wannan kam tabbas. Akwai jerin labaran yaƙi da kake bugawa kai kaɗai, na Salahuddin Ayyubi har da yaƙin Hattin na 1187 da karɓar Ƙudus, na Genghis Khan, na Joan ta Faransa, na Ɗariƙu bin Ziyad da ya tsallaka zuwa Andalus a 711, na Sunjata da ya kafa daular Mali bayan ya kayar da Sumanguru. Mutane da yawa a nan suka fara jin waɗannan sunayen suka je suka nemi littafi.

Amma kar ka ɗauke shi malami. Gem ne, in tarihi da daɗin wasa suka yi karo daɗin wasa ake bi. Mamluk na cikin gem yana kan raƙumi yana jifa da takobi, alhali Mamluk na gaske mahaya dawakai ne. Ita ma Gbeto ɗin Mali an ɗauko ta ne daga sojojin mata na Dahomey, ƙasar Benin ta yau, wuri daban zamani daban. Kuma a wasa ɗaya za ka ga Aztek suna yaƙi da Mongol a sahara. Ni ba na ganin laifin hakan in dai mutum ya san inda wasa ya tsaya.

Da gaske ana gasa har a ci kuɗi?

Sosai ma. Akwai 'yan wasan da wannan ne sana'arsu. TheViper ɗan Norway ya daɗe yana mulkin fagen, daga baya Hera ɗan Kanada ya zo ya karɓe, ga DauT ɗan Sabiya wanda tun zamanin farko yake bugawa har yau bai sauka ba, ga Liereyy ɗan Ostiriya da ya yi suna wajen sarrafa 'yan baka, ga TaToH na Sifaniya da Yo na Sin. Red Bull yana ɗaukar nauyin gasa mai suna Wololo tun 2020, har an yi ta a cikin tsohuwar fadar Heidelberg a Jamus. Akwai King of the Desert da ake bugawa a taswirar Arabia kaɗai, akwai Hidden Cup inda ake ɓoye sunayen 'yan wasa sai an gama a bayyana waye waye, masu kallo suna ta hasashe daga salon hannun mutum.

Kuma ba manya kaɗai ake kallo ba. Mai sharhin nan T90 yana da shiri na musamman da yake nuna wasan masu ƙaramin maki, waɗanda za su yi awa biyu suna gina ganuwa bakwai da gonaki a jere gwanin sha'awa, kuma mutane suna son kallonsu ƙwarai don kowa yana ganin kansa a ciki.

Ni sabo ne, kullum kwamfuta tana lallasa ni, me nake yi ba daidai ba?

Kusan kullum matsalar ɗaya ce, talakawanka sun yi kaɗan. Sabon ɗan wasa yana fitar da talakawa ashirin ko talatin sai ya tsaya ya koma tara sojoji, ƙwararru kuwa a wasan da iyakar jama'a 200 ce suna kai talakawa sama da 100. Dokar farko kar cibiyar garinka ta zauna ba ta fitar da mutum, ko ana yaƙi a ƙofar gidanka ka dinga komawa kana dannawa. Ta biyu ka gina gida tun kafin ka cika. Ta uku kar ka tara dukiya, in ka ga itace 1000 a ajiye ba arziki ba ne, asara ce, da tuni ya zama gonaki ko bariki.

Ka shiga darussan The Art of War da ke cikin Definitive Edition, gajeru ne kuma suna koya maka daidai abin da ake yi a wasan gaske. Ka koyi maɓallan kibod ko guda biyar ne, na zuwa cibiyar gari, na fitar da talaka, na gida, na gona da na nemo talakan da ke zaune ba aiki. Sannan in ka iya cin kwamfuta a matakin Hard ka shiga intanet kawai kar ka tsaya jira sai ka ƙware. Za a ci ka a wasannin farko, makinka zai sauka har ya kai inda sa'anninka suke, daga nan kusan rabi ka ci rabi a ci ka, a nan daɗin yake farawa.

Laftof ɗina ba mai ƙarfi ba ne, zai ɗauka? A waya fa?

Ba ya cikin gem masu nauyi, laftof mai Windows 10 ko 11 da ram mai ɗan dama zai ɗauka in ka rage ingancin hoto, sai dai wasan mutum takwas in sojoji sun cika fili yana iya yin nauyi. Ka nemi linzami na daban, da allon taɓawa na laftof ba za ka ji daɗinsa ba ko kaɗan. Sauke shi yana cin data sosai don haka a nemi wayfay. Yana kan Xbox tun 2023, ya shiga PlayStation 5 a 2025.

Na waya kuma, akwai wani Age of Empires Mobile amma suna kawai suka haɗa, wasan daban ne gaba ɗaya, kar ka buga shi ka ce ka ɗanɗana wannan.

Dole sai da intanet?

A'a. Labaran yaƙin kaɗai za su ci maka watanni, ga karawa da kwamfuta, kuma kana iya ajiye wasa in wuta ta ɗauke ka dawo ka ci gaba. In za ka kara da mutane ne kake buƙatar netwok mai tsayuwa, ba sauri ne ya fi muhimmanci ba, kar dai ya dinga yankewa, don in ka fita a tsakiyar wasan ƙungiya ka bar abokanka uku da mutum huɗu.

Lambobin maguɗi na da suna aiki har yanzu?

Suna nan. Ka rubuta lumberjack ka samu itace, robin hood zinariya, rock on dutse, marco ya buɗe taswira, how do you turn this on kuma ya fito maka da motar nan mai harbi. A wasanka kai kaɗai ka more, a wasan maki na intanet ba sa aiki.

To Age of Empires IV fa, bai maye gurbinsa ba?

Na huɗu ya fito a 2021, gem ne mai kyau da nasa jama'ar, shi ma an saka masa Mali a 2022. Amma bai kwashe mutanen na biyu ba. A na huɗu kowace al'umma kusan wasanta daban, sai ka koye ta daga tushe. A na biyu kuwa duka bishiya ɗaya suke hawa, bambancin ɗan kaɗan ne amma yana da nauyi, Hun ba sa buƙatar gidaje, Sinawa suna farawa da talakawa shida, Goth ba su da ganuwar dutse amma sojan ƙasarsu araha ne kamar me, Aztek da Maya ba su da doki sam. In ka iya ɗaya ka iya rabin sauran, ragowar rabin kuma shi za ka yi shekaru kana tonowa.

Da wace al'umma zan fara?

Faransawa, wato Franks. Baradensu sun fi na kowa jini, gyaran gona kyauta suke samu, kasul ɗinsu, wato babban ginin yaƙi na dutse, shi ma da rangwame, kuma tsarinsu a miƙe yake, ka yi mahaya a Feudal ka yi barade a Castle ka kai hari. In ka fi son harbi daga nesa ɗauki Britons, bakansu ya fi na kowa nisa. Ka zauna a kan ɗaya har sai hannunka ya saba kar ka dinga tsalle-tsalle. Mongol da Sinawa suna da ƙarfi sosai a hannun ƙwararru amma farkonsu yana da rikici, ka bar su sai ka daina rasa talaka wajen jawo aladen daji. Mali kuma ta yi daidai da zama ta biyunka, don kusan kowane irin soja tana iya fitarwa a zamanin Castle, za ka gwada sojan ƙasa da raƙuma da barade duk da al'umma ɗaya.